An ceci hoto, an kashe murya

A damanar bara, wata rana bayan sallar isha'i, ɗan yayata ya shigo gidana yana murmushi, ya miƙo mini salularsa ya ce: «Kawu, ga bukin Inna nan, na sa an juya mana shi.» Bukin da yake nufi shi ne auren mahaifiyarsa, wanda aka yi a Maraɗi cikin shekarar 1993, lokacin ina ajin ƙarshe na firamare. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya ɗauko mai kamara ya bi mu tun daga wankan amarya har zuwa kai ta ɗakinta, ya cika kaset guda mai awa uku. Shekara talatin da ɗoriya kaset ɗin na kwance cikin adakar yayata, naɗe cikin tsohon zane, ana jiran ranar da za a sami abin kunna shi.

Na karɓi wayar na duba, sai na ga minti tara. Furanni sun kewaye hoton, jajayen zukata na tasowa daga ƙasa suna fashewa, sunan shagon da ya yi aikin na tafiya daga dama zuwa hagu, kuma daga farko har ƙarshe wata waƙar soyayya ta yayi ce ke tashi, wadda na tabbata ba a haifi mai rera ta ba ranar da aka ɗaura auren. Can wajen minti na shida sai ga kakarmu, Bagobira ƴar Tsibiri, zaune bisa tabarma, ta dafa kan amarya, bakinta na motsi. Ba a ji ko kalma ɗaya ba. Kafin in gama kallon fuskarta hoton ya juye kamar shafin littafi, aka koma wurin masu rawa. Ni kuwa ina nan a ranar, laɓe bayan ƙyaure, na san tsohuwar nan ta yi kusan rubu'in awa tana magana, har matan da ke ɗakin suka yi ta sharar hawaye. Ta rasu a 1997, kuma a zatona na daren nan muryarta ba ta rage ko'ina ba sai cikin wannan kaset.

Washegari da na fito daga aji na nufi shagon. Yaro ne mai ladabi, zaune tsakanin kwamfuta biyu da tarin wayoyin da aka kawo caji. Na tambaye shi cikakken bukin, wanda ba a yanke ba. Ya ce: «Mushe, ai wannan mun goge shi, wurin ajiya ya cika. Kuma ba mai son dogon, surutun tsofaffi ne kawai da hayaniya.» Na ce to, a ba ni kaset ɗin. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce su ba su ajiye kaset in an gama aiki, tun da mai shi ya sami abinsa cikin waya. Yaran unguwa ke kwashewa su zare zaren su yi wasa da shi. Kowa ya san baƙin zaren nan mai sheƙi da ake gani ya sarƙe a ƙaya ko a wayar lantarki, iska na kaɗa shi. Tun daga ranar, in na gan shi sai in tambayi kaina muryar wa ke nan a rataye.

Ban rubuta wannan don in ci mutuncin yaron ba, ba kuma zan ambaci shagonsa ba, domin abin da ya yi shi ne abin da masu kawo kaset ke biya a yi musu. Da mu nake, mu masu kaset, musamman mu da muka yi boko muke taƙama da sanin darajar tarihi. Ana ta kiran jama'a su kai tsofaffin kaset a juya su zuwa tsarin nimerik, wato a mai da hoto da sauti lambobin da kwamfuta da salula ke iya karantawa. Kiran gaskiya ne, ya ma makara. Amma abin da ake yi da sunan juyawa, a mafi yawan abin da na gani, yanka ne. Ana tsame abin da ya fi araha cikin kaset, kwalliyar amarya da rawar ƴan mata, a watsar da abin da ba shi da madadi, sa'an nan a hallaka asalin yadda ba wanda zai zo daga baya ya gyara ɓarnar. Da irin wannan ceto gara a bar kaset cikin adakarsa, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ni malamin harshe ne, don haka bari in fara da abin da yaron ya kira surutu. Kakarmu ba ta yin Hausar da nake koyarwa a aji. Inda littafi ya ce «suka zo», ita «sunka zo» take cewa. «Da ya tafi» a bakinta «da yat tahi» ne, «fari» kuma «hwari». Har gobe ana jin wannan a Gobir da Adar, amma ku saurari jikokinta na birni, waɗanda suka tashi da finafinan Kano da rediyo da salula a kunne, ku ji yadda harshen nasu ke ta daidaituwa da na kowa. Ba lafazi kaɗai ba ne. Cikin awa ukun nan akwai sunayen ƙorai da tasoshi da kayan jere waɗanda yau in na tambayi ɗalibaina sai su dubi juna. Akwai habaicin da dangin ango da na amarya ke jifan juna da shi wurin sayen baki. Akwai waƙoƙin da mata ke yi ranar lalle, da guɗa, da kalangun da ke kiran sunan mutum ya waiwaya ba tare da an buɗe baki ba. Shi kansa maroƙin da muke ganin ya cika mana kunne, asali yake jerowa: wane ɗan wane jikan wane, daga gari kaza suka taso, ga sarautar da suka gada ko sana'ar gidansu. Gidaje nawa ne ke da wannan a rubuce? Mai kamara na wancan zamani bai san yana tattara dukiya ba, shi dai ya ɗora na'ura a kafaɗa ya bar ta tana ci. Rashin gwanintarsa ce ta yi mana rana. Gwanin yau, mai abin da suke kira montaj, shi ne ya zo da almakashi.

Kowace shekara mu malaman Faransanci muna ba ɗalibai maganar nan ta Amadu Hampate Ba a kan mutuwar tsoho da ɗakin littattafai, mu ce su yi mata sharhi shafi huɗu, mu ba da maki. Muna kuma alfahari da cewa a Yamai ne aka kafa, tun 1968, cibiyar tattara tarihin baka wadda a yau ake kira CELHTO, da cewa mutane irin su Bubu Hama sun ƙarar da rayuwarsu wajen rubuta abin da tsofaffi suka faɗa. Masu bincike sun sha rana suna bin ƙauyuka da rakoda don su sami minti goma na irin maganar da ke kwance kyauta ƙarƙashin gadajenmu. Sai ga shi mu da muka ci jarrabawar sharhi mu ne ke aika yaro da kaset da jaka biyu, mu ce a sa mana waƙa mai daɗi a kai.

A tuna kuma wane ne ya riƙa ɗaukar hotonmu kafin kaset. Zan Rush, Bafaranshen nan da ya fara ɗaukar finafinai a ƙasar nan tun ƙarshen shekarun 1940, ya kuma rasu a hatsarin mota kusa da Birnin Ƙonni a 2004, ya bar aiki mai yawa, amma abin da idonsa ya zaɓa ya ɗauka. Mustafa Alasan, wanda fim ɗinsa na 1962 a kan aure ne, da Umaru Ganda da ya ciyo mana babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1972, namu ne, sai dai fim na sinima abu ne mai tsada, na mutane ƙalilan. Da kamfanin JVC na Japan ya fito da kaset ɗin VHS a 1976, ya kuma iso garuruwanmu cikin shekarun da suka biyo baya, sai aka sami abin da ba a taɓa samu ba: ɗan kasuwa, da ma'aikaci, da direba suna iya ɗaukar hoton gidansu da kuɗinsu, cikin harshensu, ba tare da wani ya zo ya yi musu bayanin kansu ba. Da wannan kaset ne ƴan Kano suka fara sana'ar finafinan Hausa, tun daga Turmin Danya a 1990. Aure, suna, saukar Alƙur'ani, tarbar alhazai, hawan salla a ƙofar fadar Damagaram, duk sun shiga. Mai neman ya san yadda Bahaushen Nijar ya rayu daga ƙarshen mulkin Kunce zuwa shigowar salula, nan zai duba. Kuma ba amarya zai duba ba, bayanta zai duba: irin atamfar da ake yayi, da kwanukan da aka jera, da Fijo 504 da ke tsaye a ƙofar gida, da kukar da aka sare aka gina shaguna a wurinta, da yaron da ya gilma da tiren goro wanda yau shi ne liman. Duk waɗannan su ne mai almakashi ke kira wuraren da ba a yin kome.

To, me ya sa ake gaggawa? Domin kaset ba dutse ba ne. Zaren roba ne mai faɗin rabin inci, wanda a kaset mai awa uku tsawonsa ya haura mita 250, an shafa masa garin ƙarfe da wani irin danƙo, hoto da sauti kuwa suna zaune ne cikin maganaɗisun garin ƙarfen. Danƙon nan yana shan laima ya lalace, zaren ya riƙa mannewa ko garin ya riƙa zuba. Funfuna kan tsiro a kansa, ka ga fari-fari ta cikin gilashin kaset. Zafi kuma na sa shi ya tanƙware. Mu kuwa ƙasarmu ta haɗa masa duka: zafin bazara da ke haura digiri 40 ƙarƙashin rufin kwano, da laimar damana, da ƙurar hunturu da ke shiga ko'ina. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne, a yawancin kaset ɗin bukukuwanmu muryar tana zaune ne a bakin zaren, cikin wani siririn layi da bai wuce milimita ɗaya ba, bakin zare kuwa shi ke fara yamutsewa. Ruwa ma ba ya sallama. Ambaliyar 1 ga Satumba 2009 ta shiga ma'ajiyar finafinan Afirka da ke Wagadugu ta yi ɓarna, wurin da ke da ma'aikata da masu gadi. Ruwan 2024 da ya kayar da tsohon masallacin Damagaram, ya rushe gidaje ba iyaka a jihar Maraɗi, bai tsallake adakar kowa ba.

Ko zaren ya yi haƙuri, na'urar kunna shi ba za ta jira ba. Kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe da ke ƙera manyeto, ya daina a watan Yuli na 2016. Duk manyeton da ke aiki a duniya yau tsoho ne, robobinsa na cikin ciki na tsinkewa, gangar da ke karanta zaren na cinyewa, masu gyaransa na tsufa suna barin sana'ar. A 2019 hukumar UNESCO da ƙungiyar masu adana sauti da hoto ta duniya sun yi gargaɗi cewa wajen 2025 samun na'urorin kunna irin waɗannan kaset zai yi wuya ƙwarai. Wa'adin ya riga ya iso. Ƙananan kaset na kamarar hannu, Video8 da Hi8 da MiniDV, waɗanda ƴan uwanmu suka riƙa kawowa daga Makka da Faransa, halinsu ya fi muni, domin sau da yawa irin kamarar da ta ɗauke su ce kaɗai ke iya kunna su, ita kuwa ta daɗe da mutuwa. Ma'anar wannan ita ce, yawancin kaset sau ɗaya za su sami damar a juya su. Wanda ya ɓata wannan dama da furanni da zukata ya ɓata ta har abada.

Mun ma taɓa faɗawa wannan rami. Cikin shekarun 2000, da faifan VCD ya cika kasuwa, mutane da yawa sun kai kaset aka juya musu, suka yi murna suka jefar da tsohon. Ba wanda ya gaya musu cewa hoton VCD ɗigo 352 ne a kwance da 288 a tsaye, alhali cikakken hoton telebijin irin namu, in an juya shi yadda ya kamata, 720 ne da 576, wato an ba su kusan rubu'in abin da ya kamata su samu. Ba wanda ya gaya musu kuma cewa faifan da ake ƙonawa a shago rini ne a cikinsa, rinin da rana da zafi ke kashewa. Je ka nemo waɗannan fayafai yau: wani ya karce, wani ya ɓare kamar ɓawon albasa, wani yana tsayawa cak a tsakiyar ɗaurin aure. Kaset ɗin da aka raina, da an bar shi, da yau ya fi faifan lafiya. An yi gudun gara an faɗa gidan zago, ga shi kuma muna shirin maimaitawa da salula.

Aikin ƙwarai ba asiri ba ne. Ana haɗa manyeto mai lafiya, wanda aka share gangarsa, da kwamfuta ta hanyar ƴar na'urar da ke karɓar hoto da sauti ta mai da su lambobi, a kunna kaset daga farko, a bar shi ya tafi har ƙarshe. Babu hanyar sauri: kaset mai awa uku awa uku yake ci, mutum na zaune yana lura, yana roƙon Allah kada a ɗauke wuta. A nan ne gizo ke saƙar. Mai shagon da ya karɓi jaka biyu ba zai ba ka yininsa ba. Wani ya kan tsallake, wani ma na gani da idona ya kafa salula a gaban telebijin yana ɗaukar gilashin, har ana ganin inuwar fanka na juyawa bisa fuskar ango. Cikakken kwafi mai nauyi ne: a tsarin DV awa ɗaya kan ci kusan jiga 13, kaset guda kusan jiga 40 ke nan. Mai shago ba ya son ya ajiye wannan, mai kaset ba ya son ya sayi wurin ajiya, sai su haɗu a kan abin da zai shiga WhatsApp, shi kuma WhatsApp ya ƙara matse shi. Hoton da aka ɗauka faɗi huɗu tsawo uku, sai a ja shi ya cika telebijin na zamani, mata su koma gajeru masu faɗi, ko a datse gefe da gefe don ya tsaya a tsaye cikin waya, fiye da rabin faɗinsa ya tafi, tare da duk wanda ke zaune a gefen tabarma da kwanan watan da kamara ta rubuta a kusurwa.

Akwai ma wani abu da ya shafe mu mu mazauna bakin iyaka. Telebijin ɗin Nijar ya yi aiki da tsarin launi na SECAM irin na Faransa, na Najeriya kuwa da PAL. Wanda ya ɗauki kokowar takobi ko wasan kwaikwayon Yazi Dogo daga Tele Sahel, in aka sa kaset ɗinsa cikin manyeton da PAL kaɗai ya sani, irin waɗanda aka yi ta shigowa da su daga Katsina da Kano, hoton fari da baƙi zai fito. Sai mai shago ya ce maka launin ya mutu don tsufa, ka yarda, alhali launin na nan daram, na'urar ce ba ta jin yarensa.

Sabon salo kuma shi ne gyaran fuska da ƙirƙirarriyar basira. Wani abokin aikina ya nuna mini hoton mahaifiyarsa da aka ciro daga kaset aka «tsabtace». Fuskar ta fito tas, santsi kamar ta ƴar tsana, haƙora farare a jere. Tsagar Gobirawa da ke kumatunta, daga gefen baki zuwa kunne, babu ita. Na'urar ta ɗauka datti ne ta goge. Ita dai ba ta maido abin da ya dushe, ƙirƙira take yi daga fuskokin da aka koya mata, waɗanda ba na mutanen Tsibiri ba ne. Ya ce mini ta yi kyau. Na ce ta yi kyau, amma wace ce?

Na san abin da za a ce mini, domin an sha faɗa mini shi a ɗakin malamai. Za a ce yaran yanzu ba su iya zama awa uku, gara minti tara da za su kalla da awa ukun da ba mai dubawa. Na yarda, a yi musu minti taransu, a sa furen ma in suna so. Amma gajere daga dogo ake yanko shi, ba a fitar da dogo daga gajere. Wanda ba ya son surutun kaka yana shekara ashirin, in Allah ya kai shi hamsin, ya binne uwa da uba, zai nemi surutun nan da kuɗinsa. Za a ce tsada. Faifan ajiya na kwamfuta mai tera ɗaya yana ɗaukar kaset kusan 25 cikakku, ya ishi zuri'a guda, kuɗinsa kuwa bai kai abin da muke kashewa wajen anko na buki ɗaya ba. Za a ce aikin gwamnati ne. Gwamnati na da nata kaset da za ta ji da su, kuma ba wani ma'aikaci da zai zo ya buɗe adakar yayarka.

Hujja ɗaya ce nake ɗauka da nauyi, ita ce ta iyayenmu mata. Matan da suka yi rawa a tsakar gida a 1993, da ɗankwali ko babu, yau hajiyoyi ne masu surukai da jikoki, zamani ya sake, sutura ta sake, kuma da yawansu ba su son a gan su haka. Na san gidan da uwar gida ta sa aka ƙone kaset don wannan dalili, ban kuma ga laifinta ba, domin ta ga abin da ya sami wata: jikanta ya sa rawar ƙuruciyarta a TikTok, gari ya ɗauka. A zamanin manyeto, kaset na gida ne, wanda aka yarda da shi ake kunna wa, a ɗaki, a rufe ƙofa. Yanzu danna yatsa ɗaya ya isa ya kai shi Abijan da Jidda. Amma a lura da wanda ya jawo wannan: gajeren nan ne mai waƙa, wanda aka yi shi musamman don yawo, aka kuma cika shi da rawa domin ita ke jan ido. Cikakken kwafi mai jiga 40 ba ya yawo, yana zaune inda aka ajiye shi kamar yadda kaset ya zauna. Adanawa daban, watsawa daban. Haƙƙin matar da ke cikin hoto ne a tambaye ta kafin a nuna wa bare, haƙƙinta ne ta ce a'a, kuma wajibi ne a sharɗanta wa mai shago ya goge nasa kwafin a gaban mai kaset bayan ya miƙa. Amma ƙone kaset saboda rawar minti goma, tare da addu'ar liman da muryar mahaifin da ya rasu, wannan an yi wa mamaci hukunci da laifin mai rai.

Kada kuma wanda ya sami cikakken kwafinsa ya ɗauka ya gama. Nimerik ba ya tsufa sannu a hankali kamar kaset, da hoto zai riƙa dushewa yana yi maka gargaɗi. Shi rana ɗaya yake tafiya gaba ɗaya. Waya ta faɗa rijiya, ƙaramin katin ajiya ya ƙi buɗewa, faifai ya faɗo daga tebur, ɓarawo ya shiga. Abin da ke wuri ɗaya bai tsira ba. A yi kwafi biyu ko uku, ɗaya a gida, ɗaya wurin ɗan uwa a wani gari, a riƙa dubawa, in faifai ya yi ƴan shekaru a kwashe zuwa sabo. Shi kuwa kaset a karɓo shi. A karye ɗan harshen robar da ke bayansa don kada wani ya yi kuskuren ɗaukar wani abu a kai, a tsayar da shi kamar littafi cikin gidansa, nesa da ƙasa, nesa da lasifika domin maganaɗisun da ke cikinta, a ɗakin da ya fi sanyi. Wanda ya yi funfuna ko ya sha ruwa kada a cusa shi cikin manyeto don gwaji, zai kashe kansa ya kashe manyeton. Mai yiwuwa ne gobe a sami wanda ya fi na yau iya juyawa, shi kuwa asali zai nema.

Bayan abin da ya faru, yayata ta sake zazzage adakar, sai ga wani kaset a ƙasa, ba rubutu a jikinsa. Na yi sati biyu ina cigiya kafin in sami wani dattijo mai gyaran telebijin da ke da manyeto mai rai. Na biya shi kuɗin yini, na zauna kusa da shi har aka gama. Sunan ɗan yayata ne, na 1995, awa biyu da minti arba'in. Ranar Juma'a muka kunna shi a ɗakin mahaifiyarmu, na ɗauko littafi da alƙalami, duk wanda ya gilma sai in tsayar in ce: «Inna, wane ne wannan?» Ta riƙa faɗa ina rubutawa, da sunan da dangantakar da garin. Can bayan an yanka rago, wanzami ya gama aski, sai kamara ta shiga ɗakin mata. Ga kakarmu an miƙa mata jinjiri, ta ɗaga shi ta duba, ta ce da ƙarfi: «Wanga miji nau, kunnuwa kamar na zomo, ku amshi abinku, ni ba ni son shi!» Ɗakin ya kwashe da dariya, na cikin telebijin da na waje. Maganarta duka ba ta kai minti ɗaya ba. Mai kunnuwan, wanda yanzu ya ba shekara talatin baya, ya ce: «Kawu, maido baya.» Sau huɗu muna maidowa.

Mun rubuta suna 41 a daren nan. Saura mutum uku da Inna ta ce ta san fuskarsu amma sunan ya ɓace mata, dattijo ɗaya mai jan rawani da mata biyu da ke tuƙa tuwo. Akwai gwaggonmu a Tsibiri da ta girme ta da shekara shida, idonta kuma na gani. In an ba da hutu zan ɗauki kwamfutar in kai mata.